An Juya Masa

Jama'ar Birnin Tsaba, da maƙwabtanku na Zurmi da Ƙaura da Shinkafi, ku gyara zama, yau da rigima na zo. Wani wasa nake so mu yi, kuma tun ban faɗi ko wane ne ba na hango wasu sun taɓe baki. Wasan nan ne da ake bugawa a shafin bayan jaridun Turanci, zane mai gidaje farare da baƙaƙe, ana cike fararen da haruffa, wata kalma ta kwanta, wata ta sauko daga sama ta ratsa ta. Iri biyu ne. Akwai na kai-tsaye, wanda za a ce maka babban birnin Zamfara, haruffa biyar, ka rubuta Gusau ka yi gaba. Wannan ko ɗan aji uku ya iya, ba shi ya kawo ni ba. Wanda nake nufi shi ne mai ƙulli, wanda ake jefo maka magana kamar ta mai sambatu, alhali amsar tana ƙudundune a ciki, kuma an miƙa maka bakin zaren a hannu ba ka lura ba.

Ga Baba can kan dakali ya riga kowa. "Wanga aikin Nasara na, mi ag gaminmu da shi?" Gaskiyarka, Baba, zanen nasu ne. Wani mutumin Liverpool mai suna Arthur Wynne ne ya fara buga shi a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913. Da abin ya ƙetara zuwa Ingila sai suka ga ya yi musu sauƙi, suka murɗe shi. A 1926 wani Edward Powys Mathers ya fara ƙulla nasa a jaridar The Observer, ya kuma laƙaba wa kansa suna Torquemada, sunan wani alƙalin coci na ƙasar Sifen da ya yi ƙaurin suna wajen gana wa mutane azaba. Daga sunan ma ka san niyyarsa ga masu karatu. Jaridar The Times ta shiga sahu a 1930, a 2014 kuma ta fito da ƙaramin ƙanensa mai gida 13 a tsaye 13 a kwance maimakon 15, don masu koyo da masu gaggawa. Duk na yarda. Amma Baba, jirgin ƙasa ma ai nasu ne, kuma da layin dogo ya iso Ƙaura a 1929 ban ji an ce kun ƙi loda masa gyaɗa ba.

Zanen kawai suka zo da shi. Ƙullin magana kuwa a gida muka tarar. Wa ya tashi a ƙasar nan bai yi kacici-kacici ba bayan an ci tuwon dare? Wa bai taɓa kasawa ya ce "na ba ka gari" ba, mai tambaya ya zaɓi garin da ya ga dama, ya ci ya sha a ciki, sannan ya faɗi amsa? Ku da kuka fito yanki ɗaya da Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda har gobe dattawa ke zama suna musun da wa yake a ɗa kaza na waƙa kaza, ku ne za ku ce magana mai harshen damo baƙuwa ce a wurinku? Ku faɗa wa wani.

Sai dai akwai inda wannan ya fi kacici-kacicinmu, kuma ba zan ɓoye ba don kada a ce na yi son kai. Namu yawanci hadda ne. Ana cewa ƙulin-ƙulifita yaro zai ce gauta, ka tambaye shi dalili ya tsaya yana sosa ƙeya. In kuwa ka kawo wata amsa mai ma'ana, mai tambaya yana iya ƙeƙasa ƙasa ya ce ba ita ba ce, babu alƙalin da za ka kai ƙara. Wannan kuwa yana da doka. Kowane ƙulli kashi biyu ne. Kashi ɗaya ma'anar kalmar ce tsagwaronta, kuma a farkon magana take zama ko a ƙarshe, ba ta zama a tsakiya. Ɗaya kashin dabara ce da ke gaya maka yadda za ka harhaɗa haruffan. Lambar da ke ƙarshe kuma yawan gidajen da za ka cike ce. In hanyoyin nan biyu suka kai ka ga kalma ɗaya, to ka ci, ba sai ka tambayi kowa ba. Wanda ya gaji Torquemada a 1939, wani malamin makaranta mai suna Derrick Macnutt, shi ya tsaya kai da fata a kan wannan adalci, har ya rubuta littafi a kai a 1966. An yarda mai ƙulli ya ɓatar da kai, ba a yarda ya yi maka ƙarya ba.

To a daina dogon Turanci, ga na farko, da Hausa, ƙullin hannuna:

Hatsin da aka sheƙe yana cikin abin motsa baki (4).

Na ga mai cewa gyaɗa, na ga mai cewa ƙuli-ƙuli. Cikinku ne ya amsa, ba kanku ba. An ambaci abin motsa baki sai yawu ya tsinke muku, kuma tarkon ke nan. Ma'anar tana farko: hatsin da aka sheƙe. Kalmar "ciki" ita ce manuniya, tana ce maka amsar tana kwance a cikin haruffan da ke biye. Dubi "motsa baki". Cire "mo" daga gaba, cire "ki" daga baya. Me ya rage? Tsaba. Mutanen Birnin Tsaba, rabin sunan garinku na ajiye muku a gaban hanci kuka tsallake shi kuna neman ƙuli-ƙuli.

Wani ɗan boko ya ɗaga hannu, wai tsaba haruffa biyar ce, na rubuta huɗu. Koma aji ɗaya, ɗan samari. A abacadar Hausa "ts" baƙi ɗaya ne, haka ma "sh", don haka gida ɗaya zan ba kowanne. Ba ni na fara ba: mutanen Wales da ke da irin waɗannan tagwayen baƙaƙe a harshensu gida ɗaya suke ba su a nasu wasan. Wani abin da ba zan sassauta ba shi ne lanƙwasa. Ƙ ba k ba ce, ɗ ba d ba ce, ɓ ba b ba ce. Ku da waya ta lalata wa hannu, kuna rubuta baki kuna nufin baƙi, ku rubuta kafa kuna nufin ƙafa, a nan asirinku zai tonu, domin harafin da ka sa a gidan da kalmomi biyu suka haɗu dole ya yi wa duka biyun aiki.

Na biyu:

Turmi ya yar da kansa ya ɗauki kan Zamfara, garin Alibawa (5).

Kan kalma shi ne harafinta na farko. Turmi ya yar da T, saura "urmi". Kan Zamfara Z ne. Ɗora. Zurmi. Wannan ma ba sai na ja zance ba, in Bazurme ya kasa shi ya daina nuna mana tsohon tarihi.

Alhaji na kasuwa tun ɗazu yake kallon agogo. "To duk wanga, nawa a ka samu?" Ko sisi, Alhaji. Amma tsaya ka ji wani labari kafin ka tashi. A watan Janairun 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jaridar Daily Telegraph ta yi gasar wanda zai cike nata zanen cikin ƙasa da minti 12. Ba a jima ba wasu daga cikin gwanayen suka sami wasiƙa daga ma'aikatar yaƙi, aka nemi su zo aikin sirri, kuma ta wannan hanya aka sami wasu daga cikin ma'aikatan Bletchley Park, inda ake kwance saƙonnin sojan Jamus. A 1944 kuma, ana gab da sauke dakaru a gaɓar Faransa, sai sunayen sirrin da aka ba wannan shiri, irin su Utah da Omaha da Overlord, suka riƙa fitowa a matsayin amsoshi a wannan jaridar. Jami'an leƙen asiri suka dira a kan mai ƙulla wasan, wani shugaban makaranta mai suna Leonard Dawe, suka titsiye shi kafin su sake shi. Ka ga wasan da ka raina ya sama wa wasu aiki, ya kusa kai wani gidan kaso. Kai kanka ai da ƙulli kake ciniki. Ka ce jaka biyar kana nufin naira dubu, baƙo na tsaye yana neman inda aka ajiye jakunkunan. Ga naka, tunda kai ne mai gaggawa:

Tambayar mai gasa, garin kasuwar Alhamis (7).

Mai gasa, in yana son ya tsokane ka, me zai tambaya? Shin ka fi? Haɗa su wuri ɗaya. Shinkafi. Wannan shi ne nau'in jeri, inda ake ɗaura ƙananan kalmomi ɗaya a bayan ɗaya su haifi babba. Na san za ku ce ba haka kuke faɗi ba, ku Shinkahi kuka sani. Babu laifi, lissafin bai motsa ba: shin ka hi? Gida bakwai ne ko ta Kano aka bi ko ta Gobir.

Da yake maganar karin harshe ta taso, ga wani da zai ba ku haushi:

Audu, ga abin saƙa (6).

Wannan ko dabara ba a ɓoye ba, an karanta maka amsar da babbar murya, waƙafin da ke tsakiya ne kawai ya rufe maka ido. Audu da ga, auduga. Kada ka yarda da waƙafi ko aya a wannan wasa, ado ne kawai. "Mu kaɗa munka sani," in ji Inna daga bayan zana. Na sani, Inna, kuma hujjarki tana da ƙarfi. Ranar da Bazamfare ya fara ƙulla nasa, ya sa kaɗa, ya sa hwara, ya sa ɗiya, mu ga yadda Kanawa za su yi. Ni dai sharaɗina ɗaya: a faɗa tun farko da wane kari aka ƙulla.

Yanzu ga inda Hausa ta rabu da Turanci, kuma nan ne na fi jin daɗin wasan. Turawa suna da ƙullin juyi, a karanta kalma daga ƙarshe zuwa farko harafi bayan harafi ta ba da wata. Mu wannan ba ya yi mana, domin kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, in ka juya haruffan masa "asam" za ka samu, wanda ba ya cikin bakin kowa. Amma 'yan mata masu zaurance sun daɗe da gano hanya: gaɓa ake juyawa, ba harafi ba. Saboda haka ga doka ta gida, duk inda na ce "juya" gaɓa nake nufi.

An juya masa, can bisa (4).

Karanta shi sau ɗaya, za ka ɗauka wani bawan Allah ne aka juya wa wani abu, ka tsaya kana jiran a faɗi ko mene ne. Karanta na biyu, ka ga mai tanda da tsinkenta. Duk biyun ɓatarwa ce. Kalmar kanta ake juyawa: ma-sa ta koma sa-ma. Can bisa, sama. Dubi yadda rubutun boko ya yi mana gata ba da niyya ba. Ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, don haka masa ta ci da masa ta "gare shi" kamanninsu ɗaya a takarda. Abin da masu koyon Hausa ke kuka da shi, shi ne jarin mai ƙulli. Gari na zama da gari na tuwo, fari na launi da fari na rashin ruwa, kai na bisa wuya da kai da nake magana da shi. Mai ƙulla wasan nan da Hausa ba zai taɓa rasa inda zai laɓe ba.

Ga ɗan'uwansa, shi kuma da gangan na ƙulla shi don masu taurin kai:

Riga a juye, abin da wanda ya kasa ke bayarwa (4).

Ri-ga, ga-ri. Wanda bai gane ba, to ya ba ni shi.

Allah gafarta Malam, na ga kana ta jan carbi kana girgiza kai, na kuma san kalmar da ke bakinka: lagawu. In mutum ya bar salla ya zauna cike gidaje, ina bayanka. Amma a tuna wa almajirai yadda malaman jihadi suke rufe waƙoƙinsu. Sau da yawa ba sa rubuta shekara da lamba, ramzi suke yi, su ƙulla ta a cikin kalma ɗaya, mai karatu ya kwance da hisabi. A lissafin Magariba da malaman ƙasar nan suke bi, shin dubu ce, ra ɗari biyu, shi ya sa ramzin shekarun ƙarnin Shehu da Bello da Nana Asma'u ba ya rasa waɗannan baƙaƙe biyu. In ni za a ce in ƙulla shekarar da Alkalawa ta faɗi, yaƙin da Namoda ya halarta da mutanensa, sai in jera shin da ra da kaf da jim: 1000 da 200 da 20 da 3, wato 1223 ta Hijira, daidai da 1808. Ka ga kalma a fili, lamba a ɓoye, da doka tsayayya ta kwancewa. Mene ne wannan in ba abin da nake koyarwa ba? Ban ma taɓo zancen hatimi da gidajensa ba, wannan na bar wa masu shi.

Tunda ruwa ya biyo ta kan Namoda, mu leƙa garinsa:

Barin gari, ƙarshen layin dogo (5).

Nan babu juyi, babu jeri. Ma'ana biyu ce aka jingina da juna, kowace tana nuna kalma ɗaya. Barin gari ƙaura ne, ƙarshen layin dogo kuma Ƙaura. In ka ga ƙulli gajere ƙwarai, babu wata manuniya a ciki, fara zargin wannan nau'in. Irinsa ne "Mijin akuya mai cika ya batse da damina (7)". Ba wata dabbar ruwa ba ce, Bunsuru ne, gulbin da shi da Gagare ke kai wa Rima ruwa.

Ɗaliban kwalejin fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, ban manta da ku ba, na ma tanadar muku wanda na fi alfahari da shi:

Takura ta rikice, abin da ya kawo ɗalibi makaranta (6).

Duk inda ka ga rikice, ko watse, ko dagule, ko hargitse, ko bugu, to ana ce maka ka zubar da haruffan kalmar da ke kusa ka sake jera su. Ƙirga haruffan takura, shida ne, daidai da lambar da aka bayar, alama ta biyu ke nan. Rubuta su a warwatse a gefen takarda: T, A, K, U, R, A. Sake jera su har su zauna. Karatu. Ba ni na ce karatu takura ne ba, haruffa ne suka faɗa, kada wani ya kai ni ƙara wurin malaminsa.

Saura nau'i ɗaya, na cusa wani abu a cikin wani:

Farkon dare ya shiga rana, ga ma'ajiyar ruwa (5).

Mai ilimin taurari zai fara zancen husufi. Ba ruwanmu da sama. Farkon dare D ne, cusa shi a cikin rana tsakanin N da A ta ƙarshe, randa ta fito. Wannan shi ne kyakkyawan ƙulli a wurina, wanda maganarsa ke tafiya sumul kamar da gaske wani abu ake ba da labari, har ka manta da haruffa ake wasa.

Akwai mai ƙorafi ɗaya da ba zan zolaya ba. Shi ne wanda zai ce, muna kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, gona ta gagara, hanyar Zurmi sai da addu'a, kai kana kawo mana wasa. Ban da amsar da za ta share wannan, kuma wasan cike gidaje ba ya tare harsashi. Abin da na sani shi ne dandali ya mutu a garuruwa da yawa, yara suna shiga ɗaki tun magariba, kuma a watan Satumban 2021 da aka katse layukan waya a faɗin jihar, masu dogaro da waya don ɗebe kewa sun ga ta kansu. Wannan wasa ba ya son caji, ba ya son data. Bayan kwalin magani da guntun fensir sun isa, in babu su a zana a ƙasa kamar yadda ake haƙa gidajen dara.

Wahalar gaske tana wurin mai ƙullawa, ba mai kwancewa ba. Hausa baƙi da wasali take jerawa bi-da-bi, kuma wasalin "a" ya yi mata yawa, don haka in gidajen da aka riga aka cike duk "a" ne, ba su taimaki kowa da komai ba: wani abu-a-wani abu-a zai iya zama masa, ko bara, ko dawa, ko rana, ko tasa. Gwanin zane shi ne wanda zai sa kalmomi su riƙa haɗuwa a kan baƙaƙe. Wannan aiki ne na malaman Hausa na sakandare da ɗalibansu, kuma mujallar makaranta ko allon sanarwa ya isa wurin gwaji.

Ga guda uku na bar muku, ba zan kwance ko ɗaya ba. Na farko na yara ne: An juya rogo, a raba wa 'yan ɗaurin aure (4). Na biyu na matasa: Ganima ta watse, a nemo shi wurin likita (6). Na uku na dattawa, kuma a yi mini afuwa a fadar Sarkin Kiyawa, wasa ne ba tarihin suna ba: Na abin ɗiban ruwa a randa, jarumin Alibawa (6). Kada wanda ya aiko mini da amsa tsurarta. A rubuto wace kalma ce ma'ana, wace ce manuniya, da yadda haruffan suka zauna, sannan kowa ya haɗo da ƙulli ɗaya na kansa da sunan ƙauyensu a ciki. Baba, har da kai.